Nazarin alaƙar mutum da dabba: ta ina zan fara a Zariya?

Malam, ka tambaya ko wannan fanni shi ne likitancin dabbobi. A'a. Likita jikin dabba yake dubawa, shi kuwa wannan zaman mutum da dabbar yake bincika: yadda Bafulatani ke kiran shanunsa da suna, ko darajar doki a hawan sallar Zazzau. Ilimin zamantakewa na cikin tushensa.

Inda masu farawa ke yin tuntuɓe shi ne raina sanin makiyayi, su faɗa ruga da takardar tambayoyi kawai. Fara gaida arɗo, ka zauna ka saurara tukuna. In batun ya taɓo cuta, irin bakkale (cutar da ke sa shanu ɓari) ko haukan kare, nemi likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko cibiyar binciken kiwo ta Shika.