Yahudawan Tarayyar Sobiyet da karatu a ɓoye

Malam, ka tambaya yadda Yahudawan Tarayyar Sobiyet suka riƙe asalinsu alhali gwamnatin kwaminis ta danne addini. Gaskiya karatu ya taka rawa sosai, amma sun sha wuya.

Tun shekarun 1920 aka hana koyar da Ibrananci, wai harshen addini ne da 'yan Sahayoniya, aka bar musu Yiddish, harshen yau da kullum na Yahudawan Gabashin Turai, har akwai makarantu da jaridu da shi. To daga baya Stalin ya juya musu baya, a 1948 aka kashe Solomon Mikhoels, shahararren ɗan wasan kwaikwayo Bayahude, a birnin Minsk, aka rufe gidajen buga littattafan Yiddish, sannan ranar 12 ga Agusta 1952 aka harbe fitattun Yahudawa 13 a Mosko, cikinsu har da mawaƙa irin su Peretz Markish. Sai yara suka taso fasfo ɗinsu an rubuta Bayahude amma ba su san komai na kakanninsu ba, wannan ne ya fi ba ni tausayi wallahi.

Bayan yaƙin 1967 tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa sai matasa suka fara nema da kansu. Mutum zai zauna da tafireta ya jera takardu da kabon ya buga kwafi huɗu ko biyar, na ƙarshen da ƙyar ake karantawa, a ba ka aro dare ɗaya ka karanta ka miƙa wa na gaba. Haka fassarar Rashanci ta littafin Exodus na Leon Uris, wani ƙagaggen labari kan kafuwar Isra'ila, ta yi ta yawo. Masu koyar da Ibrananci a gidaje kuwa ana kama su, Yuli Edelstein ma an ɗaure shi a 1984.