Tashin ƙaramin jirgi daga fili mai tudu

Malam, ka ce jirgin da ka haɗa yana tashi lafiya a Maraɗi, kana tambaya ko haka zai yi a Jos. Ba zai yi ba. Filin Maraɗi bai kai mita 400 sama da teku ba, na Jos kuwa ya kusa 1,300. Idan zafi ya kai digiri 30 a can, jirgin zai ji kamar yana mita 2,100, domin iskar ta yi sakayau. Inji marar turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, wato kashi ɗaya cikin biyar ya tafi ke nan, farfela ma ba ta kama iska sosai.

Tashi da sassafe, ka rage kaya. In injinka na da madaidaicin mai, wato abin daidaita yawan man da ke gauraya da iska, rage man kafin tashi. Kada ka ɗaga hanci da wuri don ka ga ƙasa na gudu. Agogon gudu za ka bi. In ka ci rabin titi ba ka kai kashi 70 na gudun tashi ba, taka birki.

Zuwan farko dai ka ɗauki malamin tuƙi da ya san tsaunuka, takardun ƙetare iyaka kuma ka tuntuɓi ANAC, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijar, a Yamai.