Amsa ga ƙanena mai zuwa karatu Harrisburg: batun kai yara baje-kolin farauta da kamun kifi

Wa alaikumus salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka a karatun. Ka ce biza ta fito, kai da maman yara da yaranku biyu, ɗan shekara 6 da 'yar shekara 3, za ku sauka farkon Janairu ka fara digiri na biyu a jami'ar Penn State reshen Harrisburg, a jihar Pennsylvania ta Amurka. Sannan wai ka ga bidiyon wani ƙaton baje-kolin farauta da kamun kifi a Facebook, kana tambaya ko wuri ne da mutum zai kwashi iyali ya je tunda ka ga bindigogi birjik, ga shi kai jikan maharba ne abin na jininka. Toh amsar ita ce eh ku je, ni ma ina kai nawa, amma ka saurare ni da kyau don akwai abin da bidiyo ba ya nunawa.

Sunan abin Great American Outdoor Show, ana yin sa duk farkon Fabrairu kwana 9 a jere, a wani makeken gini da ake kira Farm Show Complex a bakin titin Cameron, ba nisa da makarantarku da ke Middletown. Ka fara cire Argungu daga ranka. Na san da ka ji an ce kamun kifi abin da ya faɗo maka ke nan, dubban masunta da gora da homa an ruga cikin Matan Fada ana kiɗa. Nan ba ruwa ba kiɗa ba sarki, kasuwa ce zalla a cikin ɗaki a rufe, rumfuna sama da 1,000, masu sayar da bindiga da kwari da baka da sandar fatsa da jiragen ruwa da motocin shiga daji da tantuna, ga wani ɓangare guda na kamfanonin da ke kai mutane farauta, har daga Afirka ta Kudu da Namibiya suna zuwa neman kwastoma, ka biya dubban daloli su kai ka ka harbi ɓauna. Kungiyar masu bindiga ta NRA ce ke riƙe da shi tun 2014. Kafin nan wani kamfani ne ke yi da wani suna, a 2013 bayan kashe-kashen makarantar Sandy Hook ya ce ba za a baje wasu nau'in bindigogi ba, 'yan kasuwar suka yi fushi suka janye, aka fasa taron ɗungurungum. Kaga daga nan ka san irin mutanen wurin da yadda suka ɗauki bindiga. Trump ma ya zo ya yi jawabi a wurin a Fabrairun 2024.

Yanzu ga maganar da ta fi komai, dan Allah ka karanta ta sau biyu. Kai bizar karatu gare ka, F-1, maman yara F-2. Dokar tarayya ta hana duk wanda ya shigo Amurka da irin wannan bizar ta zaman wucin gadi mallakar bindiga ko harsashi, kuma mallaka a wurinsu ba sai ka saya ka kai gida ba, riƙewa ma tana iya shiga ciki. Akwai togaciya, wadda aka fi sani ita ce in kana da lasisin farauta mai aiki da wata jiha ta ba ka. In ba ka da shi laifi ne da hukuncinsa kan kai shekara 15 a gidan yari, ballantana biza, ita ta tafi ke nan. An taɓa shari'ar wani ɗalibi ɗan Daular Larabawa da makaranta ta sallama a Florida, zamansa ya lalace, ya je filin koyon harbi ya yi harbi, magana sai da ta kai Kotun Ƙoli a 2019. Su masu rumfar ba ruwansu da takardunka, da fara'a za su miƙo maka su ce ɗauka ka ji nauyinta. Ka ce na gode, hannu a aljihu. Kuma kar ka yarda zumuɗi ya sa ka ɗauki hoto da ita ka sa a status don 'yan gida su ga ka iso Amurka, wlh hoton nan zai iya zame maka ƙaya ranar sabunta biza. In farautar kake so da gaske akwai hanyarta, sai ka yi kwas ɗin koyon farauta na hukumar namun daji ta jihar, wanda dole ne ga duk sabon shiga, ka yanki lasisi, kuma kafin komai ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ka tambaya. Ni dai shawarata shekarar farko ka bar wannan, littafi ka zo yi.

Su yaran kuwa gaskiya suna jin daɗi, amma na ɗan lokaci. Abin da ke ɗauke masu hankali na farko dabbobin nan ne da ake feɗe fatarsu a cika ta a tsayar kamar masu rai, barewa mai ƙaho reshe-reshe, dabbar beyar a tsaye da ƙafa biyu baki buɗe, talotalon daji. Babban zai tsaya yana tambaya ba ƙarewa, ƙaramar kuma tana iya fashewa da kuka, don haka ka gaya mata tun a mota cewa ba sa motsi ba sa cizo. Akwai wani dogon tankin gilashi cike da kifi da gwanaye ke hawa sama suna nuna yadda ake jefa fatsa, yaro na kallon kifin yana bin ƙugiyar ƙuru-ƙuru. Akwai ɗan tafkin da ake zuba kifin trout yara su kama da kansu, layi ne dai sai haƙuri. Ga gasar karnuka masu tsalle su faɗa ruwa, wannan kam har maman yarana da ba ta son kare ko a hoto sai da ta yi dariya. In kuna ƙyamar kare ya shafi kaya ku zauna can sama nesa da bakin ruwan don fantsama yake.

Akwai kuma sashen yara na wani tsuntsun katun na NRA da suke kira Eddie Eagle, abu huɗu yake koya masu in sun ga bindiga: tsaya, kar ka taɓa, gudu, gaya wa babba. Mutane na ta gardama a nan kan ko darasin na aiki ko talla ce kawai ta NRA, amma ni na ce a koya masu. Yaronka zai shiga makaranta, zai yi abokai, wata rana za a gayyace shi gidan wani, kuma a wannan yankin gidaje da yawa akwai bindiga a ciki. Ba abin kunya ba ne a nan ka tambayi uban yaro ko tana kulle kafin ka bar ɗanka ya je.

Amma fa awa biyu zuwa uku, shi ke nan yaro ya gama. Wurin girma gare shi na fitar hankali, tafiya ce a kan siminti daga wannan zaure zuwa wancan, ga cunkoso, ana maganar mutum wajen 200,000 cikin kwanakin. Asabar da Lahadi kar ma ka fara, keken tura yara ba ya ko motsi, yaro ba abin da yake gani sai bayan wandunan mutane. Ka duba ranar da ba ka da lacca tsakiyar mako ku je da safe ana buɗewa. Kar ka ce sai kun zaga ko'ina don kuɗin tikiti ya fita, ku nufi wurin kifi da na yara kai tsaye, in da sauran ƙarfi a leƙa jiragen ruwa su hau su sauka. 'Yan shekara 5 zuwa ƙasa ba a biya masu, fakin kuma kuɗinsa daban, in filin ya cika can nesa za a tura ka bas ta kwaso ku. Rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowannensu, ka nuna wa babban masu yunifom ka ce in ka ɓace wurinsu za ka. Sannan in yaro ya yi rigima a cikin mutane ka danne zuciyarka, marin nan da ranƙwashi da muka saba a nan sai wani ya kira maka hukuma.

Sanyi kuma, ku da za ku baro gida wata ɗaya kacal kafin nan, Fabrairu a Pennsylvania ba hunturun Kano ba ne, ruwa daskarewa yake a waje. Matsalar ita ce daga mota zuwa ƙofa kuna karkarwa, kuna shiga ciki kuma zafi, sai ka ga yaro na gumi cikin jaket yana ƙaiƙayi. Ku sa masu kaya hawa-hawa da za a iya cirewa a zuba a ƙarƙashin keken. Kujerar yara ta mota dole ce ko a motar aboki ne, 'yar shekara 3 cikakkiyar kujera mai ɗamara, ɗan shekara 6 ta ƙarin tsawo har sai ya cika 8.

Abinci ku ci ku ƙoshi daga gida. Alade ya yi yawa a wurin, kuma akwai masu rumfar busasshen nama irin kilishi da ke miƙa wa kowa ɗanɗano a tsinke, yaro kafin ka waiga ya kai baki. Ko sun ce naman barewa ne ba ka san wa ya harba ba, kuma sau da yawa in za su yi tsiran naman barewa da kitsen alade suke haɗawa don naman ba shi da mai. Dankali soyayye da lemo dai ba laifi in an tambayi man. Masallaci babu, sai dai ka nemi lungu, shi ya sa ma na ce ku je da safe ku fito kafin azahar ta yi nisa.

Ka tambaya a kaikaice ko za a yi maku kallon banza, na gane. Yawancin mahalarta fararen fata ne mutanen ƙauye da ƙananan garuruwa, da huluna da rigunan siyasa, baƙar fata ɗaiɗai ne, mai hijabi kuwa sai an duba. Za a kalle ku, wannan ba makawa. Amma abin da na gani shi ne in ka yi wa dattijon Bature tambaya kan kifi ko barewa toh ka shiga uku da labari, sai ka roƙe shi ya sake ka. Siyasa da addini da maganar bindiga dai kar ka buɗe, ko an ja ka.

Abin da ni ya fi tsaya min a rai a wurin ba kayan ba ne, rumfunan hukumomin jihar ne guda biyu, ta namun daji da ta kifi da jiragen ruwa, ka tsaya nan ka karɓi littattafansu kyauta. Wajen shekarar 1900 barewa ta kusa ƙarewa a jihar nan saboda harbi ba ƙa'ida da sare daji, an kafa hukumar namun dajin a 1895, aka sa lokaci aka sa adadi aka sa lasisi, sannan tun 1937 akwai harajin tarayya a kan bindigar farauta da harsashi, yanzu kashi 11 cikin 100, da ake mayarwa jihohi don kula da daji. Yau maharba na kashe barewa sama da 400,000 a shekara kuma ba ta ƙare ba, har gaban mota take faɗo maka da dare, ka kiyaye in ka fara tuƙi. In na tuna yadda ake fita farauta a gida da karnuka da gayya a cinna wa daji wuta a dawo da zomo biyu da gafiya sai raina ya ɓaci.

Kuma a nan ne ribar zuwan take a wurinka, kamun kifi, don shi ba ruwansa da dokar bindiga. Yaro ƙasa da shekara 16 ba ya buƙatar lasisi, kai ne za ka yanka, in trout ne da ƙarin izini a kai. Hukumar kifin na zuba trout sama da miliyan 3 a rafuka da tafkuna duk shekara, ana buɗe kamun ranar Asabar ta farko a Afrilu, kuma Asabar ɗin da ke zuwa kafin ita ta yara ce, ka karɓar masu izini kyauta su kama biyu-biyu su tafi da su gida, kai naka sai ka mayar ruwa. Akwai kuma ranaku biyu da kowa ke kamawa ba lasisi, ɗaya ƙarshen Mayu ɗaya 4 ga Yuli. Kar ka sayi sandar fatsa mai tsada a baje-kolin duk yadda suka zuga ka, ta yara mai araha a Walmart da gwangwanin tana sun isa, wasu wuraren shaƙatawa na jiha ma aro suke bayarwa, shiga kuma kyauta ne. Wurin shaƙatawa na Gifford Pinchot na nan kusa da ku da tafkinsa, kogin Susquehanna kuma ta gaban garin ya wuce, akwai tarwada manya-manya. Sai dai jihar na ba da shawarar kar a wuce ci ɗaya a mako na kifin da aka kama a ruwanta, musamman yara da mai ciki. In dumi ya shigo kuma ku kula da kaska, ƙanana ne ƙwarai kuma suna sa cutar Lyme wadda ta yi yawa a jihar nan, duk ranar da yara suka shiga ciyawa maman yara ta duba masu kai da bayan kunne da hammata kafin barci.

In ka ga kuɗi sun yi wuya a watan farko, don haya da kayan sanyi za su cinye ka, a wannan ginin dai ana yin Farm Show a Janairu, baje-kolin noma, shiga kyauta fakin kawai za ka biya, shanu da tumaki da zomaye da 'yan tsaki, ga 'yar shekara 3 ma ya fi dacewa da ita nesa ba kusa ba. In kun sauka da wuri za ku riske shi. Ka turo min ranar jirginku da filin da za ku sauka, kuma kar ku sayi jaket a gida, na can ba ya riƙe sanyin nan, akwai na yarana da suka yi masu kaɗan maman su ta ce za ta haɗa maku. A gaida maman yara da su Baba.