Tallafin shirya bidiyon horar da malaman lissafi: ta wace ƙofa ake shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata kwalejin ilimi a nan jihar Katsina, ina koyar da ɗaliban NCE dabarun koyar da lissafi. Na ji ana ba irinmu tallafi mu shirya bidiyo da zane mai motsi don horar da ɗalibai kafin su fita koyarwar gwaji. Ina ake samunsa, kuma me zan tanada? Na riga na ɗauki darussa da dama da wayata ina warware lissafi a allo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira. Akwai tallafin, amma bari in fara da bidiyon da ka ce ka ɗauka, domin a nan yawancin masu nema ke faɗuwa.

Bidiyon da malami ya tsaya gaban allo yana warware lissafi kayan ɗan makaranta ne, yana da amfaninsa, kuma YouTube cike yake da irinsa. Ɗalibinka na NCE ya riga ya iya tara rabi da sulusi. Abin da bai iya ba shi ne yadda zai yi ranar da yarinya 'yar aji biyar ta miƙe ta ce 1/2 da 1/3 sun ba da 2/5, rabin ajin kuma suka gyaɗa kai. Yarinyar ba shirme ta yi ba. Ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, bisa ƙa'idar tarawa da aka koya mata tun aji ɗaya. Kayan horar da malami shi ne wanda zai nuna wannan lokacin, ya tsaya cak, a tambayi ɗalibi: kai ne a gabanta, me za ka ce? Wani zai ce "ba daidai ba ne, zauna." Wani zai rubuta 5/6 ya wuce. Wanda ya fara zama malami zai tambaye ta: idan kin auno rabin tiya na gero, aka ƙara miki sulusin tiya, zai ƙaru ne ko zai ragu? To 2/5 ya kai rabi? Daga nan ita da kanta za ta ga akwai matsala. Muhawarar da ɗalibanka za su yi kan waɗannan amsoshi uku ita ce darasin, bidiyon minti uku ne kawai ya tayar da ita.

Wannan hanya tana da tarihi. A 1995 binciken TIMSS, wanda ke kwatanta karatun lissafi da kimiyya tsakanin ƙasashe, ya ɗauki darussan lissafi 231 a bidiyo a Jamus da Japan da Amurka, aka ga malaman Japan kan ba yara matsala su yi ta fama da ita kafin a nuna musu hanya, na Amurka kuwa kan nuna hanya tukuna sai yara su maimaita. Daga baya Patricio Herbst na Jami'ar Michigan da Daniel Chazan na Jami'ar Maryland suka gina dandalin LessonSketch, inda aka riƙa zana aji da 'yan katun maimakon yara na gaske, kuma da kuɗin hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, suka ɗauki malaman da ke horar da malamai su shirya darussa a kai. Mai yiwuwa labarin irin wannan ne ya iso maka. Tallafin na malaman can ne, amma dabarar katun ɗin ta dace da mu sosai, zan dawo kanta.

Ƙofar da ta fi kusa da kai TETFund ce, wadda dokar 2011 ta kafa. Tana tallafa wa jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma. Masu zaman kansu ba sa ciki. Tana da tallafin bincike na cikin makaranta da ake kira IBR, da kuma babban asusun bincike na ƙasa da ake gasa a kansa. Na farkon ka nufa. Ba kai tsaye ake aika takarda Abuja ba, sai ta bi ta kwamitin bincike na kwalejinku da jami'in da ke kula da harkar TETFund, don haka shi za ka fara gani ka ji lokacin karɓa. Ka kuma lura, bincike suke ba kuɗi dominsa, ba sayen kyamara ba. Takardar da kasafinta ya cika da kwamfuta da janareta, a ganina, ta kashe kanta. Ka rubuta tambaya mai amsuwa: ɗaliban da suka yi muhawara kan bidiyon nan, shin sun fi sauran iya amsa kuskuren yaro a lokacin koyarwar gwaji? Ka faɗi yadda za ka auna.

Sauran wuraren da ya kamata ka riƙa leƙawa su ne Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa (NTI) ta Kaduna wadda ke riƙe da SMASE, horon ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya da aka faro da taimakon hukumar JICA ta Japan, da ƙungiyar malaman lissafi ta MAN. Kayan horar da malamai na TESSA daga Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila kyauta ne a intanet, haka ma manhajar lissafi ta GeoGebra. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom kafin a ba ka tallafi, ka rabu da shi.

Abin tanadi kuwa, samfuri ɗaya mai kyau ya fi alkawarin ashirin. Ka kula da sauti fiye da hoto: aji mai yara sittin ko fiye, ga rufin kwano, ga hayaniyar ajin maƙwabta, muryar yarinyar nan ba za ta fito ba sai da ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga. Kada ka gyara harshen ajin. Idan malamin yana Turanci yana komawa Hausa, bar shi haka, abin da ɗalibanka za su tarar ke nan a Mani ko Mai'aduwa. Fayil ɗin ya zama ƙarami, wanda zai bi ta WhatsApp ko Xender ba tare da ya cinye data ba. Kowane bidiyo ya zo da takarda shafi ɗaya: inda za a tsayar, da tambayar da za a yi.

Sai batun izini. Kafin ka ɗaga waya a aji, ka samu amincewar hedimasta da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da iyayen yara, a rubuce. Iyaye da yawa a nan ba za su so fuskar 'yarsu ta yi ta yawo a wayoyi ba, balle tana cikin kuskure, kuma suna da gaskiya. A nan katun ke shigowa: ka zauna bayan aji ka rubuta abin da aka faɗa kalma da kalma, ka cire sunaye, ka sa wani daga sashen zane-zane na kwalejinku ya zana shi hoto shida ko takwas, ɗalibanka su ɗora murya. Irin wannan samfurin ma za ka iya haɗawa da takardar neman taka.