Firintar da ta ƙi jin Linux

Jiya bayan La'asar ka yi mani tambaya shago na cike da masu fotokofi, ban samu na amsa maka yadda ya kamata ba. Ka ce ka sa wa malamin nan na Ƙofar Ƙaura Linux Mint, wani nau'in Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kwamfutarsa, ka jona ta da tsohuwar firintarmu HP LaserJet P2055 ta buga nan take, amma da ya je gida ya jona tasa ƙaramar firintar, ko motsi ba ta yi ba. Kana so ka sani ko kai ka ɓata aikin. To zauna ka ji, ɗana.

Wajen sawa ba ka ɓata komai ba. Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne firinta iri biyu ce, ko da a ido duk akwati ne mai fitar da takarda. Akwai mai ƙwaƙwalwar kanta, wadda ke jin yaren da kowa ya sani, ko PostScript na kamfanin Adobe da ya fito a 1984, ko PCL na HP. Kwamfuta za ta ce mata ga rubutu, ga girmansa, ga inda zai zauna, ita kuma ta zana shafin da kanta. Tamu tana jin duka biyun, shi ya sa ba ta ba ka wahala ba. Yawancin manyan injinan ofis na gwanjo da ake ɗaukowa daga Beirut Road ta Kano haka suke.

Sai ƙananan nan masu araha. Su an rage masu ƙwaƙwalwa don kuɗinsu ya sauka. Kwamfuta ce ke zana shafin gaba ɗaya, ɗigo bayan ɗigo, sannan ta tura da wani yare da kamfanin ya ƙirƙira wa kansa. Abin da muke kira direba tafinta ne kawai tsakanin su biyun. Idan kamfani ya yi tafinta don Windows kaɗai, ya kuma ɓoye yaren, Linux ba ta da ta cewa har sai masu aikin sa-kai sun zauna sun tono shi da kansu. Ɗauki LaserJet 1018 da 1020, waɗanda ke cike da shagunan garin nan. Su ko manhajar da ke tayar da su ba ta zama a cikinsu. Duk sa'ad da aka kunna su sai kwamfuta ta ɗura masu ita sabuwa. Ka duba sau nawa ake ɗauke wuta a yini a Katsina. In wancan fayil ɗin babu shi a kwamfutar, za ka ga sunan firintar a allo, ka tura aiki, ya shige, takarda ba ta fito ba. Maganinsa HPLIP ne, manhajar HP ta firintocinta a Linux, sannan ka rubuta hp-plugin a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, da intanet a kunne ya sauko da ragowar. Canon LBP2900 kuwa yarenta CAPT, sai da direban kamfanin da wata 'yar manhaja mai suna ccpd tana aiki a bayan fage. Tana yi, amma tana son haƙuri.

Wannan matsalar ta girme ka. Wajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, akwai wata firintar Xerox da ke yawan cushe takarda. Richard Stallman ya so ya gyara manhajarta ta riƙa sanar da mutane in ta cushe, ya nemi asalin rubutunta aka hana shi. Abin ya tsaya mashi a rai, a 1983 ya shelanta aikin GNU na samar da manhajar da kowa ke da 'yancin buɗewa ya gyara, wanda a kansa Linux ɗin da ka sa jiya take zaune. Ina son wannan labarin don mai gyara ne aka hana buɗe abin da yake amfani da shi, kuma ni na san zafin haka.

Yanzu ga yadda za ka bi. Kada ka fara da zargin direba. Rubuta lsusb a taminal ka ga ko kwamfutar ma ta ga firintar, don kebul ɗin da ya sha ƙurar hunturu ya sha sa mutane fomatin, wato share kwamfuta gaba ɗaya, a banza. In ta gan ta, buɗe burauza ka rubuta localhost:631. Nan ne CUPS, mai kula da duk aikin bugu, wanda Michael Sweet ya fitar a 1999, Apple ya saye shi a 2007, har kwamfutocin Mac da shi suke bugawa. Zai nuna maka inda aikin ya maƙale da dalilin. Sababbin firintoci kuwa, in ka ga an rubuta AirPrint ko Mopria a kwalin, yawanci ba su buƙatar direba sam. Sikana kuma hanyarta daban ce, wata manhaja mai suna SANE ke kula da ita, don haka bugu ya yi ba ya nufin sikanin zai yi, gwada kowane.

Kuskurenka guda ne: ka share wa mutum Windows ba ka tambaye shi me yake jonawa da ita ba. Da filashin nan da ka yi sawar da shi za ka iya tayar da Linux ba tare da ka taɓa komai nasa ba, ka gwada firintarsa a gabansa. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin kwamfutocin da ba su ɗaukar Windows 11 za su yi ta zuwa mana, kuma Linux alheri ce gare su. Amma wanda abincinsa ke kan CorelDRAW, yana buga katin biki da kalanda, gaya mashi gaskiya cewa na yanzu ba shi da na Linux, ya zaɓa da kansa.

Kira malamin ka ba shi haƙuri, ka ce ya kawo firintar gobe da safe tare da kebul ɗinta. Ba za mu karɓi ko sisi a wannan ba. Kai za ka yi aikin, ni ina gefenka.