Tambaya da Amsa: Na Hana 'Yan Haiti Yin Yarensu a Wurin Aiki, Yanzu Sun Daina Gaishe Ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Maraɗi ne, shekara shida ke nan ina zaune kusa da birnin Boston a Amurka, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Wata uku da suka wuce aka ba ni shugabancin masu aikin dare, yawancinsu 'yan Haiti da 'yan Jamhuriyar Dominika, sai 'yan Birazil uku. Tun da na karɓi aikin ban huta da raba rigima ba. 'Yan Dominika suna cewa 'yan Haiti da yarensu suke gulmarsu, 'yan Birazil kuma suna ɓata rai idan aka yi musu Sifaniyanci. Da yake da Faransanci na yi karatu, na kasa kunne ga hirar 'yan Haitin, sai na ji ba na gane ta. Wata abokiyar aiki 'yar Dominika ta ce mini ai karyayyen Faransanci ne na marasa ilimi, na kuma ga bidiyoyi masu faɗin haka. Sai na ce daga ranar ko dai su yi Faransanci mai kyau ko su yi Turanci. Tun lokacin ba mai gaishe ni a cikinsu, har wata dattijuwa da take kawo mini abinci ta daina. Ina tsoron maganar ta kai ga hukumar gidan in rasa aikina. Mene ne asalin wannan gaba, kuma a ina na yi kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoron da kake ji yana da dalili, domin abin da ka yi ba ƙarami ba ne, ko da yake na tabbata ba da mugun nufi ka yi shi ba. Ka tarar da faɗan da ya girmi kakan kakanka, ka karɓi sandar ɓangare ɗaya ka daki ɗayan, kana zaton raba su kake yi.

Ba zan tsaya gaya maka cewa Haiti da Jamhuriyar Dominika tsibiri ɗaya suka raba ba, wanda a zamanin mulkin mallaka yammacinsa na Faransa ne, gabashinsa na Sifaniya. Wannan ka riga ka sani. Shekaru uku kawai nake so ka riƙe. A 1804 bayin yammacin tsibirin, bayan sun gama fatattakar sojojin Napoleon na Faransa, suka kafa Haiti a ƙarƙashin jagoransu Dessalines. A 1822 shugabansu Boyer ya haɗe gabas da yamma, ya soke bauta a gabashin, amma mulkin nasa ya zo da ƙwace filaye da haraji mai nauyi, musamman bayan da Faransa ta ɗora wa Haiti diyyar faran miliyan 150 a 1825. Ranar 27 ga Fabrairun 1844 gabas ta ɓalle, kuma wannan rana ita ce babbar ranar 'yancin Jamhuriyar Dominika har gobe. Wato yaron da ke makaranta a Santo Domingo, babban birnin Dominika, yana tashi ne da sanin cewa daga hannun maƙwabcinsa baƙar fata aka ƙwato ƙasarsa. Abokiyar aikinka da wannan karatun ta girma.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi ƙona mini rai, wato cewa yaren 'yan Haiti karyayyen Faransanci ne, wadda kusan kullum sai na ji ta, daga ɗalibai, daga masu tafinta, har daga malaman Faransanci waɗanda ya kamata a ce sun fi kowa sani, balle kuma masu ɗaukar bidiyo da waya da suka mayar da kansu masana tarihin duniya cikin minti ɗaya. Abin da 'yan Haiti suke yi sunansa Kiriyol, kuma harshe ne cikakke mai nahawunsa. Dalilin da ya sa ba ka gane shi ba shi ne ba ka iya shi ba, kamar yadda wanda ya iya Larabci ba zai zauna a kasuwar Maraɗi ya fahimci ciniki ba don kawai ya tsinci kalmomin littafi da alƙalami da labari a bakin mutane. Gaskiya ne mafi yawan kalmomin Kiriyol daga Faransancin ƙarni na 17 da na 18 suka fito, amma ginin jimlarsa daban ne, kuma kai Bahaushe ka fi Bafaranshe saurin ganinsa idan ka buɗe ido. Ɗauki kalmar manje, wato ci. Ɗan Haiti zai ce mwen te manje, m ap manje, m pral manje: na riga na ci, ina ci, zan ci. Aikatau yana nan yadda yake, ƙananan kalmomin da ke gabansa su ne suke nuna lokaci, daidai yadda muke yi da na da ina da zan, alhali Faransanci wutsiyar kalma yake juyawa, abin da ya sha jawo maka bulala a firamare. Haka kuma idan zai ce littafin, sai ya ce liv la, littattafan kuma liv yo, alamar tana biye da suna kamar a Hausa, ba ta gabace shi kamar a Faransanci ba. Masana da dama suna danganta irin wannan gini da harsunan Fon da Ewe na gaɓar Binin da Togo, inda aka kwashi bayi masu yawa zuwa tsibirin. Abin da aka karya ba ya zuwa da ƙa'ida ɗaya a bakin mutum sama da miliyan 11. Wanda kuwa ya nace a kan cewa Kiriyol karyayyen Faransanci ne, sai ya yarda cewa Faransancin kansa karyayyen Latin ne na sojoji da 'yan kasuwa, domin hanyar da ya biyo ke nan.

An daidaita ƙa'idar rubuta Kiriyol a 1979, kundin tsarin mulkin Haiti na 1987 ya mayar da shi harshen hukuma tare da Faransanci, a 2014 kuma aka kafa masa cibiyar raya shi ta ƙasa. Duk ɗan Haiti yana jin Kiriyol, amma tsiraru ne suka naƙalci Faransanci, kuma waɗannan tsirarun su ne suka daɗe suna riƙe da kotu da ofis da makaranta. Saboda haka da ka ce su yi Faransanci mai kyau, tsohon miki ka fama. Kai da ka yi makaranta a Nijar, ko ba ka riski sambol ba, ai ka ji labarinsa wajen iyayenka, wato abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa ko Zabarmanci a harabar makaranta, ya yi ta yawo da shi yana neman wanda zai miƙa wa. An yi wannan a makarantun Haiti a kan masu Kiriyol. Dattijuwar da ta daina kawo maka abinci, mai yiwuwa ta sha wannan wulaƙanci tana yarinya, sai ga shi da furfurarta wani ɗan Afirka da take kallo kamar ɗanta ya sake rataya mata shi da ƙarfe biyun dare.

Na ce maganar tana da haɗari, ga kuma dalilina. A watan Oktoban 1937 shugaban kama-karya na Dominika, Rafael Trujillo, ya ba sojojinsa umarnin kashe 'yan Haiti da ke zaune a yankin kan iyaka, musamman wajen garin Dajabon. An yi yawancin kisan da adda domin ya yi kama da faɗan manoma, kuma mafi yawan ƙiyasin masana ya haura mutum 10,000, wasu ma suna kai shi sama da 20,000. Labarin da ya shahara shi ne sojoji kan ɗaga wani ganyen miya da ake kira perejil da Sifaniyanci, su ce mutum ya faɗi sunansa. Wanda harshensa bai kaɗa harafin "r" ɗin ba, an gane shi mai Kiriyol ne, sai a sare shi. Wasu masana tarihi da suka zauna da waɗanda suka tsira suna ganin an fi faɗin labarin ganyen fiye da yadda aka aikata shi, domin da yawa daga cikin mamatan a Dominika aka haife su, kuma suna Sifaniyanci kamar kowa. Duk da haka, da wannan sunan ake tuna kisan har yau, kuma duk ɗan Haiti ya san cewa an taɓa auna ransa da lafazinsa. Trujillo, wanda kakarsa ta wajen uwa jinin Haiti ce, ya amince zai biya diyyar dala 750,000, daga baya aka rage ta zuwa 525,000. Sai ka raba wannan da yawan gawarwakin ka ga kuɗin da aka yi wa kowane rai.

Abin da adda ta fara, takarda ta ɗora a kai. A watan Satumban 2013 kotun tsarin mulkin Dominika, a shari'ar wata mata mai suna Juliana Deguis, ta yanke cewa 'ya'yan baƙin da ba su da takardar zama ba 'yan ƙasa ba ne, ta kuma mayar da hukuncin baya har zuwa 1929. Dubban mutanen da kakanninsu suka zo saran rake, waɗanda ba su taɓa taka Haiti ba, wasu ko Kiriyol ba sa ji, suka wayi gari magatakarda yana gaya musu cewa takardar haihuwar da ofishinsa ya ba su ba ta da amfani. An yi wata doka a 2014 don gyara ɓarnar, amma ta bar mutane da yawa suna zarya tsakanin ofisoshi. A 2022 aka fara gina katanga a kan iyaka, a Oktoban 2024 kuma gwamnatin shugaban Dominika Luis Abinader ta sanar da shirin mayar da mutum har 10,000 Haiti a kowane mako.

Kada ka ɗauka ina cewa 'yan Dominika miyagu ne. Suna cikin waɗanda suka fara kai ɗauki bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Haiti ranar 12 ga Janairun 2010, kasuwar Dajabon tana cika da mutanen ɓangarorin biyu a ranakun Litinin da Juma'a, kuma fargabarsu a kan rugujewar tsaro a Haiti tun kisan Shugaba Jovenel Moise a 2021 ba ƙirƙira ba ce. Sannan ita kanta abokiyar aikinka tana da nata tabon. Sauran masu Sifaniyanci sun daɗe suna yi wa 'yan Dominika dariyar cewa suna haɗiye harafin "s", mutanen yankin Cibao kuma suna mayar da "r" ta koma "i". Kalmar karyayye da ta jefa wa Kiriyol, an sha jefa wa harshenta irinta.

Na 'yan Birazil ya fi sauƙi. Ƙasarsu tana da mutum sama da miliyan 200 masu harshen Fotugal, kuma suna jin haushin a zo Amurka a cusa su cikin kwando ɗaya da masu Sifaniyanci kamar ba su da nasu. Sukan fahimci Sifaniyanci fiye da yadda masu Sifaniyanci suke fahimtarsu, shi ya sa ɗan Dominika yake sakin baki ya yi musu nasa, su kuma su ɗauka raini ne. Tsakaninsu da 'yan Haiti akwai ƙauna akwai ƙorafi. 'Yan Haiti suna mutuwar son ƙwallon Birazil, har a Agustan 2004 su Ronaldo da Ronaldinho suka je Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, suka ci Haiti 6 da nema jama'a na tafi. Amma Birazil ce ta jagoranci sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a Haiti daga 2004 zuwa 2017, rundunar da ake tunawa da samamen unguwar Cite Soleil, da kuma kwalarar 2010 wadda ta fito daga sansanin sojojin Nepal ta kashe kusan mutum 10,000. (Idan hira ta yi daɗi wata rana, ka gaya wa 'yan Birazil ɗin cewa a 1807 hukumomin Bahia da ke ƙasarsu sun bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa, a zamanin da masu bayi a can suke kwana da tsoron kada abin da ya faru a Haiti ya same su.)

Ga abin da za ka yi, kuma kada ka bari a kwana biyu. Ka janye dokar nan a gaban kowa, kamar yadda ka kafa ta a gaban kowa. Hukumar EEOC mai kula da daidaito a wuraren aiki a Amurka tana kallon hana ma'aikaci yin harshensa a kowane lokaci a matsayin nuna bambanci, balle dokar da ta ware al'umma ɗaya ta bar masu Sifaniyanci da masu harshen Fotugal suna nasu. Ka je da ƙafarka ka sanar da hukumar gidan a rubuce kafin wani ya riga ka, ka kuma nemi amincewarsu a kan ƙa'ida ɗaya da ta shafi kowa: Turanci wajen miƙa aiki da bayanin magani da duk abin da ya shafi lafiyar tsofaffin, lokacin hutu kuma kowa da bakinsa. Kada ka zauna muhawarar 1844 da kowa, ba aikinka ba ne, ba kuma za ka ci ba.

Kafin duk wannan, ka fara da dattijuwar, ita kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Ka ce mata bonswa, manman, wato barka da yamma, inna. Sannan ka ce padon, ka gaya mata cewa ba ka sani ba ne, ka roƙe ta ta koya maka gaisuwa. Za ta yi dariyar lafazinka, ka bar ta ta yi. Idan ranar 1 ga Janairu ta zo ta kawo maka miyar kabewa da suke kira soup joumou, wadda suke sha don tuna ranar 'yancinsu, ka karɓa da hannu biyu. Da naman shanu aka saba yin ta, amma ba laifi ka tambaya.