Amsa ga mai tambaya kan potassium sorbate a zoɓo da kunun aya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce zoɓonki da kunun ayarki suna lalacewa kafin su ƙare, an ba ki shawarar zuba potassium sorbate, sinadarin da ke hana abinci saurin lalacewa, kina tsoron ko yana da illa, kuma ba ki san yawan da ake sawa ba. A zoɓo zai yi miki aiki, a kunun aya kuwa kada ki dogara da shi.

Tukuna ki raba shi da potassium bromate, wanda NAFDAC ta hana sawa a burodi. Sunan farko kawai suka haɗa. Sorbate farin gari ne ko ƴan ƙananan tsaba, lambarsa E202, kuma jiki yana sarrafa shi kamar yadda yake sarrafa mai. A 2019 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakar abin da mutum zai ci kullum a miligiram 11 na sorbic acid kan kowane kilo na nauyinsa. Kusan kashi 74 cikin 100 na garin da kike saya shi ne wannan acid ɗin. In kin sa rabin giram a lita, mai kilo 60 sai ya sha kusan lita biyu a rana kafin ya kai iyakar, amma yaro mai kilo 20 da ya ɗan haura rabin lita ya kai. Shi ya sa masu sayarwa a bakin makaranta ya kamata su tsaya a ƙaramin awo. Akwai kuma waɗanda garin ke sa wa ƙaiƙayi in ya taɓa fata, to a bar ɗiba da hannu.

Aikinsa hana yis da fumfuna yaɗuwa, wato masu sa gora ta kumbura ko farin abu ya taso a saman zoɓo. Ba ya kashe su, hana su hayayyafa yake yi, kuma ƙarfinsa a kan bakteriya kaɗan ne. Sannan sai da tsami yake aiki. Da zarar pH, wato ma'aunin tsami da lambarsa ke hawa in tsami ya ragu, ya haura 6.5 kusan ya zama ado. Zoɓo tsaminsa na wajen 3, daidai wurin da yake so. Kunun aya ba shi da wannan tsamin, ga shi bakteriya ne ke fara lalata shi, su sa ya yi yauƙi ya tsinke. Ko kin ninka awon, asarar kuɗi za ki yi, ɗanɗanon kuma ya canza. Maganinsa wanke aya sosai, tsaftar injin markaɗe, firij mai sanyin gaske, da yin daidai wanda zai ƙare a ranar.

Awon zoɓo giram 0.3 zuwa 0.5 ne a kowace lita, wato giram 6 zuwa 10 a jarka mai lita 20. Ki bar awo da cokali, domin tsaba da gari ba nauyinsu ɗaya ba. Ƙaramin sikeli na dijital ya wadatar. Hanya mafi sauƙi: auna giram 100, narkar da shi a tafasasshen ruwan da ya huce, ki cika ruwan ya kai lita ɗaya. Mililita 5 na wannan haɗin rabin giram ke nan, sai ki riƙa ja da sabon sirinji.

Lokacin zubawa nan ne aka fi yin kuskure. Ki dafa zoɓon da citta da kanumfari, ki tace, ki sa sukari, ki sauke, sannan ki zuba narkakken sorbate kina juyawa. In ya daɗe yana tafasa wani ɓangarensa yana bin tururi ya tafi. Kada ki barbaɗa busasshen garin kai tsaye, kada kuma ki haɗa shi da ruwan lemon tsami a kofi ɗaya. Za ki ga farin gari ya kwanta a ƙasa ya ƙi narkewa, wannan acid ɗin ne ya ware, kuma wanda bai narke ba ba ya tsare komai. Sorbate ake fara zubawa a zoɓon, lemon tsami ya biyo baya. Danyar abarba ko kokwamba da ake markaɗawa a zuba bayan an sauke su ma suna shigo da yis mai yawa, gara a dafa su tare.

Zoɓon da ya riga ya fara kumfa, zubar da shi. Haka gorar da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama, ƙwayoyin da ke cikinta sun fi ƙarfin rabin giram. In kin buɗe gora kin ji wari kamar na kananzir ko roba, wata irin fumfuna ce ta cinye sorbate ɗin ta mayar da shi haka, alamar sai an sake duba wankin gora da rariya. Ko da shi a ciki, zoɓo na firij ne.

A wajen saye, nemi wanda ke cikin ledarsa ta asali, da E202 da ranar ƙarewa a jiki, ba wanda aka ƙulla a farar leda babu suna ba. Ajiye shi a rufe, nesa da rana da danshi, in ya koma rawaya ki canza. In kina neman rajistar NAFDAC, dole sunansa ya fito a jerin kayan haɗin da ke jikin gorarki.